Idan Na'ura Ta Yanke Hukunci, Alhakin Yana Kan Wa?

Jami'a wuri ne na koyarwa da neman sani, amma kuma kamar gari take mai ofisoshi da yawa. Kafin ɗalibi ya zauna gaban malami, sai wani ya duba takardunsa ya ce a ɗauke shi ko a bar shi. Kafin malami ya shiga aji da kwanciyar rai, sai wani ya sa sunansa cikin littafin albashi. Bayan jarrabawa kuma sai wani ya tara maki, ya ware waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi. Shekaru masu yawa mutane ne suke yin waɗannan ayyuka da alƙalami da takarda: magatakarda, da akawu, da ma'aji, da malaman da suke zama su karanta takardun masu neman shiga ɗaya bayan ɗaya.

Duk wanda ya san wancan zamani ba zai ce ba shi da aibi ba. Takardu sukan ɓata cikin ɗakin ajiya, gara ta ci waɗansu. Ɗan mai hali yakan wuce ɗan talaka a layi don mahaifinsa ya san wani a ciki. Mutum yakan yi tafiyar kwana biyu daga ƙauyensu ya tarar akawun da yake nema ya tafi jana'iza da mabuɗi a aljihunsa. Saboda haka sa'ad da kwamfuta ta shigo ofisoshin jami'a, mutane da yawa suka yi murna, suna cewa an sami ma'aikacin da ba ya gajiya, ba ya cin hanci, ba shi kuma da ɗan'uwan da zai yi wa alfarma. Akwai gaskiya cikin wannan magana. Amma na'ura ba ta shiga gida ta bar shi yadda ta same shi. Takan sake wanda yake da iko, da wanda yake gani, da wanda ake tambaya. Daga nan ne tambayar wannan rubutu ta taso. Idan an miƙa wa na'ura aikin yanke hukunci a kan mutane, ta kuwa cuci wani, wa ya cuce shi? Wa kuma zai tsaya ya amsa?

Abin da ya faru a Landan

A birnin Landan akwai wani tsohon asibiti mai suna St George's, mai makarantar koyon aikin likita. Cikin shekarun 1970 makarantar tana samun masu neman shiga wajen 2,000 kowace shekara, gurbin da take da shi kuwa kaɗan ne. Malamai sukan zauna su karanta takardun, su zaɓi waɗanda za a kira ganawa. Aikin yana cin lokaci ƙwarai, hukuncin wannan malami kuma yakan bambanta da na wancan. Wani babban malami a makarantar, Dokta Geoffrey Franglen, ya ga wahalar, ya yi niyyar sauƙaƙa ta. Ya yi nazarin yadda masu zaɓen suka riƙa ba da maki a shekarun baya, ya rubuta wa kwamfuta jerin umarnai, wato abin da a yau ake kira manhaja, domin ta kwaikwayi hukuncinsu. A 1979 an ga hukuncin na'urar yana dacewa da na mutanen har kashi 90 zuwa 95 cikin 100. Daga 1982 aka sakar mata tantancewar farko ɗungum.

A watan Disamba 1986 waɗansu malamai biyu na makarantar, Dokta Aggrey Burke da Dokta Joe Collier, suka kai magana gaban hukumar gwamnatin Birtaniya mai hana wariyar launin fata. Da aka bincika sai aka tarar na'urar tana duba sunan mai nema da wurin haihuwarsa. Idan sunan bai yi kama da na Turawa ba, sai ta mai da shi baya a jeri. Idan mace ce, haka nan, ko da yake ragin nata bai kai wancan ba. A 1988 hukumar ta fitar da rahotonta, ta sami makarantar da laifin nuna bambanci. An ƙiyasta cewa kowace shekara mutum har 60 suna iya rasa kiran ganawa saboda sunansu ko don su mata ne. Makarantar ta ba da haɗin kai ga binciken, ta daina aiki da manhajar.

Abu na fari da ya kamata mai karatu ya lura shi ne, na'urar ba ta ƙago wannan son zuciya ba, gādonsa ta yi. An ce mata ta yi kamar yadda malamai suke yi, ta kuwa yi hakan da aminci. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da yake ɓoye cikin zukatan masu zaɓe, wanda watakila su kansu ba su yarda yana nan ba, shi ne ya fito a rubuce cikin umarnan kwamfuta.

Abu na biyu ya fi wuyar gani, shi ne yadda na'urar ta sake tsarin aikin. A dā mutane da dama ne suke karanta takardu. Mai son zuciya yana cikinsu, amma mai gaskiya ma yana nan. Wani yana iya jin kunya, wani ya sake tunani, wani ya ce wa abokin aikinsa, wannan yarinya fa ta cancanta. Da aka miƙa aikin ga na'ura, sai ƙa'ida ɗaya ta hau kan kowa, ba mai musu, ba mai roƙo, har shekara huɗu. Ikon ya tashi daga hannun masu karatu da yawa ya koma hannun wanda ya rubuta umarnan, daga baya kuma ya zama kamar ba a hannun kowa yake ba. Malamai suna ganin sun huta. Masu nema kuwa ba su san abin da ya mai da su baya ba, balle su yi kuka.

Abu na uku yana bayan na'ura. Son zuciyar da ke cikin ran mutum ba ya barin sawu, mai shi yana iya rantsuwa ya ce bai yi ba. Wanda aka rubuta cikin kwamfuta kuwa ana iya buɗe shi a karanta. Shi ya sa aka kama St George's, alhali a lokacin tana ɗaukar ɗalibai waɗanda ba Turawa ba fiye da waɗansu makarantun likita na Landan da ba a kama ba. Amma ba na'urar ce ta tona kanta ba. Mutum biyu ne masu lamiri suka duba, suka ga abin bai yi daidai ba, suka yi magana ko da yake gidansu ne za su kunyata.

Adalci ga taro, da adalci ga mutum ɗaya

Mai karatu yana iya cewa, to, ai mutane sun fi na'ura yin kuskure. Idan na'ura ta yi daidai sau 95 cikin 100, akawu kuwa sau 80, ashe ba gara na'ura ba? Wannan hujja mai ƙarfi ce, bai kamata a raina ta ba. Inda aikin na lissafi ne kurum, kamar tara maki ko ajiye sunaye, na'ura ta fi mutum nesa ba kusa ba. Amma akwai abin da hujjar ta tsallake, abin da ya faru a Ingila a 2020 zai bayyana shi.

A wannan shekara annobar korona ta sa aka rufe makarantu, aka soke jarrabawar ƙarshe ta sakandare wadda jami'o'i suke dogara da ita wajen ɗaukar ɗalibai. Aka ce malamai su ƙiyasta makin da kowane yaro zai samu. Hukumar kula da jarrabawa mai suna Ofqual ta ji tsoron malamai za su yi wa yaransu alheri fiye da kima, sai ta shirya wani lissafi na kwamfuta don daidaita makin. Lissafin yana duba yadda makarantar yaron ta saba ci a shekarun baya. Ranar 13 ga Agusta 2020 sakamako ya fito, aka ga an rage wajen kashi 39 cikin 100 na makin da malamai suka bayar. Yaro mai ƙoƙari a makarantar da ba ta saba ci ba, sai tarihin makarantarsa ya ja shi ƙasa. Inda aji yake ƙarami, kamar yadda aka fi samu a makarantun kuɗi, an fi barin makin malamai yadda yake. Yara da yawa suka rasa gurbin jami'ar da aka yi musu alkawari. Suka fita kan titi, iyaye suka yi kuka, ranar 17 ga Agusta gwamnati ta janye lissafin ta koma ga makin malamai. Jami'o'i suka shiga wahalar neman wuri ga waɗanda suka riga suka sallama. Shugabar hukumar ta sauka daga aiki, Firayim Minista Boris Johnson kuwa ya ɗora wa lissafin laifi, sai ka ce shi ya haifi kansa.

Idan an dubi ƙasar gaba ɗaya, lissafin ya yi abin da aka sa shi, gama yawan waɗanda suka ci bai yi nisa da na shekarun baya ba. Amma ba taro ne yake zuwa jami'a ba, yaro ɗaya ne mai suna, mai uwa da uba. Ba za a ce wa yarinyar da aka hana gurbinta ta yi haƙuri don jimillar ta fita daidai ba. An hukunta ta a kan abin da waɗansu suka yi tun ba ta shiga ajin ba. Mai awon hatsi da ya tauye wa mace ɗaya mudu, ya cika wa wata har ya zuba, ba zai kare kansa da cewa buhun ya ƙare daidai ba. Adalci bashi ne da ake biyan kowane mutum shi kaɗai. Na'ura ta ƙware wajen taro. Mutum ɗayan da ya faɗa wajen ƙa'ida kuwa yana bukatar wani ɗan adam da zai saurare shi, wanda kuma yake da ikon gyarawa.

Wanda ya riƙe littafin albashi

Kada a ɗauka wannan damuwar Turawa ce kaɗai. A Nijeriya, inda 'ya'yan iyalai da yawa daga ƙasashen maƙwabta suke zuwa karatu, an yi doguwar jayayya a kan wata na'ura wadda ba ta koyar da kowa, ba ta kuma ba kowa maki. A 2007 gwamnatin tarayya ta fara wani tsarin biyan albashi ta kwamfuta mai suna IPPIS, domin a riƙa biyan dukan ma'aikatanta daga wuri ɗaya a Abuja. Dalilin mai kyau ne. An daɗe ana biyan albashi ga sunayen matattu da na mutanen da ba a taɓa haifa ba, waɗansu suna zuba kuɗin a aljihunsu. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarni cewa duk ma'aikacin da bai shiga tsarin ba, ba za a biya shi ba.

Ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, ta ƙi. Ta ce doka ta ba kowace jami'a majalisarta mai ɗauka da biyan ma'aikata. Ta ce kuma an gina tsarin ne bisa ga ma'aikacin ofis, bai san halin jami'a ba, inda malami yakan tafi wata jami'a ya koyar na shekara guda, ko a gayyato masani daga waje na ɗan lokaci. Malaman suka shirya nasu tsarin mai suna UTAS, suka ce a yi aiki da shi. Wannan batu, tare da na kuɗin gudanar da jami'o'i da alkawaran da ba a cika ba, yana cikin abin da ya jawo yajin aikin wata tara daga Maris zuwa Disamba 2020, da na wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba 2022. A Disamba 2023 gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta amince a fitar da jami'o'i daga tsarin.

Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Kuɗin jama'a ne, gwamnati tana da hakkin sanin inda suke tafiya. Mai ɗaki kuma shi ya san inda yake masa yoyo, jami'a ta fi Abuja sanin malamin da take bukata. Abin lura shi ne, gardamar da aka yi da sunan kwamfuta, a ƙarƙashinta gardamar mulki ce. Wanda ya riƙe littafin albashi shi ne yake faɗin wanda za a ɗauka. A dā idan albashin malami bai cika ba, yakan taka zuwa ofishin ma'ajin jami'a su yi magana. Da aka mai da littafin Abuja, ma'ajin yana nan a kujerarsa amma hannunsa ba ya kaiwa. Sai aka riƙa kawo wannan babban canji kamar gyaran kayan aiki ne kurum, ba a zauna tun da fari an yi shawara a kan ikon da zai tashi daga wannan hannu zuwa wancan ba. Waɗanda suka biya kuɗin wannan rashin shawara su ne ɗalibai, da suka zauna gida wata 17 cikin shekara uku, ba su da kujera a ko ɗaya daga cikin tarurrukan.

Mutumin da ya tsaya ya amsa

Akwai kuma wani misali daga ƙasar, mai nuna ɗaya fuskar. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 don shirya jarrabawar shiga jami'o'i, ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta bar takarda. Wannan ya rage satar tambayoyi a hanya, sakamako kuma ya riƙa fita cikin 'yan kwanaki. A 2025 wajen mutum miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar. Da sakamako ya fito, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Yara da iyaye da malamai suka ce akwai abin da ya faru, gama waɗansu da aka san ƙoƙarinsu sun sami makin da hankali ba zai ɗauka ba. Hukumar ta kira masana suka duba. Ranar 14 ga Mayu 2025 shugabanta, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce an yi kuskure: wani gyaran da aka yi wa manhajar bai zauna daidai a waɗansu na'urori ba, abin ya shafi mutum 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Ya nemi gafara da hawaye, ya ce alhakin yana kansa, aka kuma sake wa waɗanda abin ya shafa jarrabawa.

Hawaye ba su mai da kwanakin baƙin cikin da yaran suka yi ba, waɗansu kuma sun yi ƙorafi cewa lokacin da aka ba su na shirin sake jarrabawar ya yi kaɗan. Duk da haka abin da ya yi yana da daraja, domin hanyar tsira tana buɗe gabansa bai bi ta ba. Yana iya cewa yaran zamani ne ba sa karatu, mutane da yawa kuwa da sun gaskata. Yana iya fakewa da kamfanin da aka ba aikin. Ba shi ne ya taɓa na'urar da hannunsa ba, amma ya gane cewa wanda aka ba amanar gida shi ne yake amsa abin da ya faru a cikinsa.

Amsar tambayar

Mutanen karkara sun daɗe da warware irin wannan shari'a. Idan shanu suka shiga gona suka yi ɓarna, ba a kiran saniya gaban mai gari. Mai shanun ake kira, ko da yana barci sa'ad da abin ya faru, ko da ɗan kiwo ya ɗauka. Shi ne yake cin amfanin dabbar, shi ne ya zaɓi wanda zai kora ta, don haka shi ne zai biya. Haka na'ura take. Ba ta da lamiri, ba ta jin kunya, ba za ta iya tuba ba, ba ta kuwa iya biyan diyya. Abin da ba ya iya waɗannan ba ya iya ɗaukar alhaki. Jami'a tana iya miƙa wa kwamfuta aiki, amma alhakin yana nan inda yake tun dā, a wuyan waɗanda suka saye ta, da waɗanda suka rubuta mata umarni, da waɗanda suka sa hannu a kan abin da ta fitar.

Hatsarin shi ne, sabon tsarin yana rarraba aikin ƙanana ƙanana har kowa ya ga nasa kason bai kai laifi ba. Mai rubuta manhaja ya ce abin da aka ce masa ya rubuta. Shugaba ya ce shi bai san kan na'ura ba. Akawu ya juya allon ya nuna wa ɗalibi, ya ce ka gani, kwamfuta ce ta ƙi. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Ɗalibin ya zaga ofis biyar ya fito ba wanda ya ce masa, ni ne, zauna mu duba. A zamanin takarda mugun akawu yana da fuska, ana iya kai ƙararsa. Gidan da kowa yake fakewa da na'ura ya fi shi wuyar sha'ani, ko da duk mutanen cikinsa masu kirki ne.

Saboda haka akwai abin da ya wajaba a kan kowace jami'a da ta kawo na'ura cikin al'amuran da suka shafi rayuwar mutane.

Na ɗaya, kowane hukunci ya kasance da sunan mutum a kansa. Idan an ƙi ɗaukar ɗalibi, ko an riƙe sakamakonsa, ko an yanke albashin ma'aikaci, a san ofishin da kuma jami'in da zai amsa.

Na biyu, a bar ƙofar kuka a buɗe, wanda yake zaune a bakinta kuma ya kasance da ikon gyara. Ba amfani a sa mutum ya saurari kuka idan iyakar abin da zai iya shi ne ya ce a dawo gobe. Ƙofar kuma ta zama wadda ɗan ƙauye marar intanet zai iya kaiwa gare ta.

Na uku, a riƙa duba aikin na'ura kamar yadda ake duba littafin ma'aji. A tambaya kowace shekara: su wa take ɗauka, su wa take bari? Mata nawa, 'yan karkara nawa, masu wane irin suna? Da an yi haka a St George's a 1983, da ba a kai 1986 ba.

Na huɗu, kafin a kawo sabon tsari a faɗi gaskiya a kan ikon da zai sake hannu, a kuma ji ta bakin waɗanda abin zai shafa, har da ɗalibai da ƙananan ma'aikata. Tsohon akawun da ya yi shekara 20 yana rajista ya san irin matsalolin da mai rubuta manhaja bai taɓa ji ba. A koya masa sabon aikin, kada a yar da shi da saninsa kamar tsohon keken rubutu.

Wannan magana ta ƙara nauyi tun daga Nuwamba 2022, sa'ad da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, manhajar da take rubutu kamar mutum. Malamai suka ji tsoron ɗalibai za su riƙa sa ta yi musu aiki, tsoron kuwa yana da dalili. Sai aka fito da waɗansu manhajoji masu cewa suna gane rubutun na'ura. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan, suka ga sun ɗauki fiye da rabin rubuce-rubucen waɗanda Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne a kan na na'ura, alhali mutane ne suka rubuta. A watan Yuli na shekarar OpenAI ya janye tasa manhajar ganowa don yawan kuskurenta. Ɗalibin da ya tashi da Hausa a gida, ya koyi Ingilishi a makaranta, yana cikin waɗanda irin wannan ma'auni zai fi cuta. Malamin da zai kira yaro ɓarawo don na'ura ta faɗa, ba tare da ya zaunar da shi ya tambaye shi abin da ya rubuta ba, ya ba da shaida a kan abin da bai gani ba. Ɗalibin da ya miƙa rubutun na'ura da sunansa shi ma ya yi ƙarya, ba zai ce na'ura ce ta yi ba. Ƙa'idar ɗaya ce ga babba da yaro.

Iyaye da ɗalibai kuma suna da nasu rabon. Kada a ji tsoron kwamfuta kamar wani alƙalin da ba a ɗaukaka ƙararsa. A ajiye kowace shaidar biyan kuɗi da kowace takardar rajista. Idan sakamako ya saɓa wa abin da aka sani game da yaro, a tambaya da ladabi, a rubuce, a kuma nemi waɗanda abin ya shafa a haɗa murya. Kuskuren 2020 a Ingila da na 2025 a Nijeriya duk an gyara su ne domin waɗanda aka cuta ba su yi shiru ba.

Ma'aikacin da yake zaune gaban allo a ƙaramin ofis, shi ne ya fi kowa kusa da wanda aka cuta. Watakila ba shi da ikon sake komai. Amma yana iya ƙin faɗin cewa ba ruwansa. Yana iya rubuta sunan ɗalibin da matsalarsa, ya kai wa na gaba da shi, ya sake tunawa da shi bayan mako guda. Idan ya ga kuskure iri ɗaya ya maimaitu sau uku, yana iya faɗa ko da ba a tambaye shi ba, kamar yadda malaman nan biyu na Landan suka yi. Ba a buƙatar sanin kan kwamfuta kafin a yi wannan. Abin da ake bukata shi ne mutum ya tuna cewa lambar da ke kan allo ɗan wani ne, an sayar da hatsi ko akuya kafin a biya masa kuɗin rajista, kuma shi ma'aikacin, da shugabansa, da majalisar jami'ar, su ne za a tambaya yadda aka yi da shi.